Mai Zuba Ruwa

A Badarawa idan mace ta cika, kafin a nemi masu haƙa kabari an aika gidan Malama Hansai. Shekara da shekaru ita ke wanke matan unguwar, har Unguwar Dosa da Hayin Banki ana zuwa ɗaukarta. Ba wai ta fi sauran masu wankan gawa karatu ba ne, abin da ta fi su da shi bakinta ne. Ta ga tabon duka a bayan matar mai hali, ta ga cikin da ba a san da shi ba, ta ga cutar da aka ɓoye wa miji, amma sai ta fito ta wanke hannu ta ce "Allah ya jiƙanta," ta koma tsakar gidanta ta ci gaba da biya wa matan aure karatu. Mata kan ce ko ba komai za su mutu hankali kwance, tunda a hannun Hansai asirinsu zai ƙare. Wannan yardar ita ce dukiyarta, ba ta da wata.

Umaima 'yar ƙaninta Ahmad ce, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Dosa. Tana digiri na biyu a sashen nazarin zamantakewa, fanninta kuma jinsi: yadda jama'a ke yanke wane ne namiji, wace ce mace, da abin da ake ɗora wa kowannensu. Ranar da ta yi wa gwaggonta wannan bayanin, tsohuwar ta kama haɓa.

"Yanzu har shekara biyu za a kwashe ana koya muku bambancin mace da namiji? 'Yar nan, ai ko ɗan akuya ya san wannan."

Umaima ta yi dariya, amma a lokacin dariyar ba ta kai ciki ba, domin karatun ya cije. Duk batun da ta kai wa malamar da ke duba bincikenta, Dakta Safiyya, sai ya dawo mata. Mata da siyasa? An rubuta har takarda ta gaji. Mata da sana'ar cikin gida? Wannan ko 'yan ajin farko sun ƙoshi da shi. "Ki shiga inda ba a taɓa shiga ba," in ji Dakta. 'Yan ajinsu duk sun yi nisa. Har Yusha'u, magidancin da ke haɗa karatun da aikin ofis don neman ƙarin girma, ya gama babi biyu, yana tsokanarta da cewa in ta rasa abin yi ta zo ta yi bincike a kansa, shi kaɗai ne namiji a gidansu mai mata biyar.

A gidan wata rasuwa dabarar ta zo mata. Ta ga gwaggonta ta fito daga ɗakin da aka yi wanka, manyan maza da rawunansu suna tsaye a waje suna jiran ta ce an gama. Ga wuri guda da namiji, komai girmansa, ba ya sa ƙafa sai mace ta ba da izini. Ba ta ɓata lokaci ba ta sami tsohuwar a gida.

"Gwaggo, ina so in riƙa bin ki wurin wanka."

Hansai ta ajiye carbinta ta dube ta sosai. Ta daɗe tana neman wadda za ta gaje ta. 'Ya'yanta mata ko ɗakin da aka kwantar da gawa ba sa iya wucewa ta ƙofarsa, ɗalibanta kuwa da ta ɗauko zancen sai kowacce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Umaima ta yi bayani iya gaskiyarta: bincike ne na jami'a, za ta rubuta abin da ta gani, za a karanta a makaranta. Tsohuwar tana ta gyaɗa kai, amma hankalinta ba ya wurin. Ita dai ta ga jininta ya zo da ƙafarsa yana neman aikin lada, sauran zancen duk surutun 'yan boko ne.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Daga yau ke ce mai zuba min ruwa."

Haka kowacce ta tashi da abin da take so ta ji. Umaima ta tafi da cewa an ba ta izinin bincike, Hansai ta kwana da cewa ta sami magajiya.

Ranar farko Umaima ta kafe gawar da ido har ruwan butar yana zuba a ƙasa. Gwaggo ba ta yi mata faɗa ba, ta dai ce a hankali, "Ki dubi butarki, ba ita ba." Sannu a hankali ta koyi yadda ake riƙe zane a saman gawa kada tsiraici ya bayyana, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, yadda ake sirka ruwa kada ya yi sanyi kamar mai shi za ta ji, da inda ganyen magarya ke shiga da inda kafur ke shiga. A faɗi gaskiya, ba don takarda kaɗai take zuwa ba. Ta fara son aikin, ta fara ganin gwaggonta da wani ido. Babin da ta rubuta ya yi kyau, Dakta ma ta yaba, sai dai ta ce har yanzu romo take sha, ba ta ga naman ba.

Wata rana bayan la'asar suna zaune a tsakar gida suna tsinke ganyen magarya, ɗalibai sun watse, sai Hansai ta sa ta tura ƙofa.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai maigidana Malam, Allah ya jiƙansa. Ke ma don kina zuba ruwa ne. Wata rana zai iya zuwa hannunki ba na nan, kada ki ruɗe ki tara mutane."

Ba ta ambaci suna ba. Ta ce shekarun baya ne, ranar Arfa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka zo ɗaukarta zuwa Hayin Banki. Mamaciyar kuwa gidan sauro take ɗinkawa da keken hannu. Ta taɓa aure sau ɗaya da ƙuruciya, bai daɗe ba ta dawo, ba ta ƙara ba. Da ɗinkin nan ta riƙe marayu huɗu na yayanta da ya rasu a haɗarin mota, har suka zama mutane.

"Na sa hannu ƙarƙashin zane, sai na gane halittarta ba irin tamu ba ce gaba ɗaya. Mata-maza ce. Allah ya haɗa mata duka biyun."

"Gwaggo! Sai kika yi yaya?"

"Mai zuba min ruwa ran nan tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Na ce ta je ta ƙaro ruwan zafi. Na leƙa zaure na sa aka kira min Malam daga cikin masu jiran jana'iza, na raɗa masa. Sai ya ce, a sahun wa take salla? Na ce na mata. Wa ke mata kitso? Na ce mata. Ya ce to koma ki ƙarasa abin da kika fara, ni ban ji komai ba. Na koma na wanke 'yar'uwata, na sa mata likkafaninta na mata, aka kai ta."

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Umaima."

Tausayin matar ya kama Umaima har ta share hawaye. Amma ba tausayi kaɗai ba ne a ranta, akwai murna, kuma ita ma ta sani. Duk abin da take haddacewa daga littattafan ƙasashen waje ga shi nan a Hayin Banki, kuma wani malamin zaure ya warware shi da tambaya biyu. Ta yi kwanaki tana kokawa da zuciyarta. A ƙarshe ta kama abin da aka koya musu a aji: idan magana mai nauyi ce, a sauya suna, a ɓoye wuri, shi ke nan an kare mai ita. Suna ma ba a ba ta ba. Ta laƙaba wa matar Amina, ta ce a wata unguwa ce ta arewacin Kaduna.

Dakta Safiyya na karantawa ta cire tabarau. "Wannan shi ne binciken naki. Amma kada ki bushe shi, ki bar matar nan ta rayu a takarda. Keken ɗinkin, marayun, ranar da ta rasu, su ne hujjarki cewa ba jiki kaɗai ke sa jama'a su kira mutum mace ba, har da rayuwar da ya yi a cikinsu."

Sai Umaima ta bar su duka. A ganinta ma girmama matar take yi. Ta je Badarawa da niyyar ta sake tambayar Gwaggo, ta same ta cikin ɗalibai, ta zauna ta sha kunu ta dawo. A hanya ta gaya wa kanta ai tun farko ta yi bayani, kuma an ce Allah ya yi mata albarka.

Ranar gabatar da bincike ɗakin taron sashen ya cika, har da ƙananan ɗalibai da aka tilasta wa zuwa. Kamar yadda suka saba, da yawansu sun ɗaga waya suna ɗauka don bita. Umaima ta fara da rawar murya, daga baya harshe ya sake. Da ta zo kan labarin Amina, ɗakin ya yi tsit. Ta faɗi ruwan ranar Arfa, ta faɗi gidan sauro da keken hannu, ta faɗi marayu huɗu, ta faɗi abin da mai wanka ta tarar da tambayoyin malam. Tana rufe baki aka ɗauki tafi, wani farfesa har da buga tebur.

Aka ba da damar tambaya. Yusha'u ya miƙe daga layi na uku. Umaima ta yi murmushi, ta zaci tsokanar da ya saba ce. Amma fuskarsa ta sauya, yana riƙe da bayan kujerar gabansa kamar wanda jiri ke ɗiba.

"Ba gidan sauro kaɗai take ɗinkawa ba," ya ce. "Har kayan makarantarmu ita take ɗinka mana."

Ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya ratsa mutane ya fita. Ba wanda ya yi motsi, wayoyin nan kuwa suna sama.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle na zamanin waya. Kafin washegari an yanke bidiyon an bar daidai wurin, yana yawo a wayoyi daga wannan guruf zuwa wancan. Ba wanda ya damu da hujjar Umaima, ba wanda ya tura tambayoyin malam. Mutanen Hayin Banki kuwa ba su buƙaci a faɗa musu ba: Inna Harira mai gidan sauro ce, wadda ta riƙe Yusha'u da ƙannensa. Masu cewa da ma sun lura da muryarta suka fito, masu cewa shi ya sa aurenta ya mutu suka fito, mutanen da a rayuwarta ba su taɓa rasa gaisuwarta ba. Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda kowa ya san amsarta: wa ya wanke ta?

Umaima ta tari Keke Napep zuwa Badarawa don ta riga labarin isa. A ƙofar ɗakin Gwaggo ta tarar da takalmin namiji. Yusha'u ne zaune a kan tabarma, ya tanƙwashe ƙafa, kansa a ƙasa. Ko kallonta bai yi ba.

"Malama, ba rigima ta kawo ni ba. Tambaya ɗaya ce. Gaskiya ne?"

"Na wanke uwarka, Yusha'u," in ji Hansai, muryarta ba ta rawa. "Mace ce saliha. Ban san wani abu bayan wannan ba."

"Da haka kika tsaya tun farko." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ƙanwata tana ɗakin miji. Tun safe danginsa ke tambayarta ko abin gado ne, suna so a duba 'yarta. Inna ta yi rayuwarta duka tana rufe abin nan ita kaɗai, ko mu da muka kwana a bayanta ba mu sani ba. Sai da ta kasa riƙe zanenta da kanta aka yaye shi."

Ya yi sallama da ladabi ya tafi. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Umaima ta durƙusa. "Gwaggo, wallahi na sauya suna. Na ɓoye unguwar. Haka ƙa'idar take, haka aka koya mana."

"Na ba ki suna ne da za ki sauya?" Hansai ta dube ta. "Garin nan wa ya rasu ranar Arfa ya bar keken ɗinki da marayu huɗu? Ku a makarantarku mutum sunansa ne kaɗai?"

"Na gaya miki zan rubuta."

"Kin gaya min. Ni ce ban ji ba." Ta juyar da kai wajen bango. "Ni na buɗe baki. Magana zarar bunu ce. Tashi ki je gida."

Umaima ta yi duk abin da ake yi bayan aikin gama ya gama. Ta roƙi Dakta a cire babin, Dakta ta amince nan take, ita ma jikinta a sanyaye, tana cewa laifin har da nata. Ta bi waɗanda ta sani tana roƙo su goge bidiyon, suka goge, bayan sun riga sun tura. Ta je Hayin Banki neman gafara, matar Yusha'u ta karɓe ta a tsaye ta ce ba ya nan, alhali ga motarsa a ƙofa. Shi kuwa bai sake taka ajin ba. Babanta ya yi faɗa har ya gaji, ya koma yin shiru idan ta shigo.

A Badarawa ba wanda ya zagi Hansai, girmanta ya wuce haka. Abin a hankali ya zo. Wannan ɗalibar mijinta ya hana ta fita, waccan ɗanta ba lafiya, tabarmin karatu suka riƙa raguwa har aka daina shimfiɗa ta biyun. Ba Harira ce ta dame su ba. Kowane gida akwai wadda Hansai ta wanke, kuma kowace mace ta koma tana tunanin me aka gani a jikin uwarta ko yayarta, wa aka faɗa wa, yaushe nasu zai fito a waya. Aka yi rasuwa a layin masallaci, sai bayan jana'iza Hansai ta ji. Ta ce wataƙila sun ga tsufa ya kama ta ne, ta sa hijabi ta je ta yi gaisuwa.

Umaima ta mayar da zuwa gidan kullum. Ta yi shara, ta ɗora girki, ta wanke kwanuka. Gwaggo ba ta kore ta ba, tana amsa gaisuwarta, tana sa mata albarka, amma hira ta mutu a tsakaninsu.

Wata safiya tana wanke-wanke sai kuka ya tashi ta bayan katanga. Gidan Balaraba ne, maƙwabciyar Hansai kuma aminiyarta, wadda ta daɗe tana jinya. Hansai ta yi salati, ta miƙe ba tare da ta yi tunani ba, ta yi alwala, ta sa hijabinta, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana jira. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, ko murya aka ɗaga za ta ji. Rana ta ɗaga, ba wanda ya shigo. Can suka ji Keke Napep ya tsaya a waje, wata baƙuwar murya tana tambayar ina ne ɗakin.

Sai ga sallama. Humaira ce, babbar 'yar marigayiyar, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta kasa ɗaga kai.

"Malama, Mama ta cika."

"Na ji, 'yata. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri." Hansai ta dafa ƙasa za ta tashi.

"Malama… an ɗauko wata daga Unguwar Dosa. Mama ce ta ce a yi haka, tun tana da bakinta." Ta ƙara sunkuyar da kai. "Matar ba ta zo da baho ba. Shi ne aka ce in zo ko za ki ara mana naki."

Umaima ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hansai kuwa ta koma ta zauna a hankali.

"Ɗauko mata, Umaima. Haɗa da manyan butocin, da magaryar da ke cikin leda." Ta dubi Humaira. "Ku sirka ruwan sosai. Uwarku ba ta son sanyi."

Humaira ta fashe da kuka, ta kwashi kayan ta fita da sauri.

Suka zauna su biyu. Ba a jima ba suka fara jin zubar ruwa ta bayan katanga. Hansai ba ta cire hijabin ba, hannayenta suna kan cinyarta ba abin yi.

"Sati ɗaya aka kawo mu layin nan muna amare," ta ce, ba wai da kowa take ba. "Ni na kama ta a haihuwar Humaira."

"Gwaggo, ki yafe min."

"Na yafe miki tun ranar." Ruwan bayan katanga ya tsaya, ya sake farawa. "In kin koma gida ki gaya wa babanki, ranar tawa a ɗauko matar nan ta Unguwar Dosa. Ta zo da mai zuba mata ruwa. Ke kada ki shiga ɗakin."

"Gwaggo!"

"Ba fushi nake yi ba, 'yar nan. Ni ma mace ce, ina da nawa abin da ba na so a gani."